Rigar Awon Alhaji Bawa

Duk wanda ya zo shagona yana son koyon ɗinki, keke yake fara kallo. Gani yake da ya iya taka shi, allura ta bi layi, shi ke nan ya zama tela. Ni da na tsufa a kan kujerar nan ta bakin tasha a Ƙaura, ina gaya muku taka keke ba komai ba ne, mako biyu ya ishi mai ƙwaƙwalwar kaza. Sana'ar a cikin awo take. Kuma awon da ya fi ba ni wuya a rayuwata na wani mutum ne da na yi wa ɗinki shekara da shekaru ban taɓa ɗora masa tef ba.

A Zurmi na koyi aiki, wajen wani tsoho, Malam Ɗanjuma. Shekarata ta farko ko almakashi bai bari na riƙe ba. Hura gawayin dutsen guga, kalmasa da hannu, zura zariya a wando, su ne aikina. Idan kalmasa ta karkace ba ya faɗa, sai ya sa farce ya warware ta tun daga farko ya miƙo mini, ya ci gaba da cin goronsa. Ranar da ya fara ba ni tef ya haɗa mini da wata doka. Ya ce yaro ka auna shi, manomi ka auna shi, amma alƙali ko hakimi ko attajiri ba a zagaya masa ciki da igiya kamar buhun gero. Babban mutum tsohuwar rigarsa yake aikowa, ita ake kira rigar awo. Ka shimfiɗa ta a kan sabon yadi, ka zana da alli, ka ƙara yatsa biyu don fatan alheri. Ragi kuwa babu shi sam. Wanda ya rage wa babba riga, kamar ya yi masa fatan komawa baya ne. Da wannan dokar na buɗe shagona, ban taɓa tambayar kaina ko tana da ranar ƙarewa ba.

Lokacin da aka ba mu jiha mun ga aiki. Mutumin da jiya yake kan keke da kaftani ɗaya, yau ya zama kansila yana son babbar riga uku kafin Litinin. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuma sai aikin ya sauya kama. Matan da na saba aunawa suka koma aiko da tsofaffin rigunansu, samari suka yi ta kawo wanduna a ɗage musu ƙafa sama da idon sawu. Akwai watan da ban yi komai ba sai yanke ƙafar wando, har ƙyallayen suka cika buhu. Muguwar shekararmu ita ce wadda jallabiya ɗinkakkiya ta cika kasuwa da arha, ga gero bai yi ba. Teloli da yawa a layinmu sun sayar da kekunansu sun sayi babur. Ni abin da ya riƙe ni manyan mutane uku ne ko huɗu waɗanda babu jallabiyar kanti da za ta shige su. Babbansu, ta kowace fuska, shi ne Alhaji Bawa.

Alhaji Bawa mutumin Galadi ne, amma a Shinkafi yake zaune, shi ne babban dillali a kara, wato inda ake cinikin shanu ranar Alhamis. Makiyayi zai koro shanunsa tafiyar kwana uku, ya ƙi sauraron kowa, sai ya ga Alhaji Bawa da idonsa. Babu takarda tsakaninsu, fuska ce kawai da magana. Shi kuwa Allah ya yi masa jiki. Yadin da zai yi wa wani riga da 'yar ciki da wando har a samu na hula, shi rigar kaɗai yake yi masa. Rigar awonsa idan na shimfiɗa sai ta sauko ta kowane gefen teburina. Mutane suna alfahari da ƙibarsa kamar tasu ce, suna cewa ga alamar arziki. Ba su san da kujera yake salla ba, ba su san ciwon suga da hawan jini sun haɗu sun sa shi gaba ba, ga gwiwa da ta ƙi ɗaukarsa daga mota zuwa rumfa.

Wata ranar Talata motarsa ta tsaya a ƙofar shagona, yana dawowa daga ganin likita. Bai fito ba, don fitowarsa aiki ce, sai ni na shiga na zauna a ɗan wurin da ya rage. Ya daɗe yana numfashi kafin ya yi magana.

"Garba, in tambaye ka. In riga ta yi ma mutum yawa anka rage ta, ana iya maida abin da anka yanke?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, abin da almakashi yac ci ba ya dawowa."

Ya ce, "Haka likita yac ce min."

A nan ya gaya mini akwai aikin da ake yi a Masar, a yanke wa mutum tumbi a bar masa ɗan kaɗan, yadda ko ya so ci ba wurin zubawa. Ni dai na yi tsuru-tsuru, don ban taɓa jin mutum da hankalinsa ya kai cikinsa a rage ba. Damina biyu ya yi yana juya maganar. Ya tambayi wani malami a Gusau ko wannan sauya halittar Allah ne, malamin ya ce idan magani ne ba ado ba, kuma likitoci sun ga bukata, babu laifi. Hajiyarsa ta yi kuka ta ce gara ta gan shi a kujera da ta ji labarinsa daga wata ƙasa. Abokansa suka ce ya sha saiwa kawai, ya sha har ya gaji. Duk sanda ya biyo ta Ƙaura sai ya tsaya ya sake yi mini tambayar nan ta almakashi, kamar zan sauya amsa.

Abin da ya yanke maganar wani bijimi ne. Ya tsinke igiya a kara ya nufo rumfa, kowa ya watse, har gurgun da ke bara ya san inda ya shige. Alhaji Bawa ya yunƙura sau biyu ya kasa tashi. Bijimin ya zo ya tsaya gabansa, ya shinshina rigarsa, ya wuce abinsa. Mutane suka ce kwarjini ne, har aka yi ta ba da labari. Shi kuwa ya san abin da ya faru, kafin wata ya ƙare ya hau jirgi. Bai gaya wa kowa a kasuwa abin da zai kai shi ba, an dai ce ya je duba lafiya.

Yanzu ga inda na tafka tawa. Bayan ya dawo da kamar wata bakwai, ana saura mako uku Babbar Salla, direbansa ya kawo mini shadda fara mai tsada ya ce a yi na Idi. A lokacin labari ya fara zuwa Ƙaura cewa Alhaji ya rame. Na tambayi direban ko akwai saƙo game da awo, ya sunkuyar da kai ya ce ba a ce masa komai ba. Na ɗauko rigar awo na shimfiɗa, na tsaya da alli a hannu. Zuciyata ta ce Garba, hau mota ka je ka ga mutumin nan. Wata zuciyar ta ce idan ka rage masa riga, kai ma ka shiga sahun masu cewa ya ƙare. Na bi dokar Malam Ɗanjuma. Na zana, har yatsa biyun nan na fatan alheri sai da na ƙara, na yi mata aiki a wuya na gani na faɗa.

Wani da ya je Idin Shinkafi a shekarar ya ba ni labari. Ya ce sun ga riga tana tahowa, sai da ta matso suka ga da mutum a ciki. Wuyan rigar ya sauko har ƙirji, kafaɗa ta ƙi zama, wando ya taru a ƙugu kamar bakin buhu. Da aka ɗago daga sujada ya taka gaban rigar ya tafi zai faɗi, mutum biyu suka tare shi. Kafin a yanka raguna gari ya ɗauka. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce karayar arziki, mafi yawa kuma suka rage murya suka ce ciwon zamani ne, don a shekarun nan duk wanda ya rame haka shi ake fara zargi. Daga ranar Alhaji Bawa bai sake fitowa ba, ko zaure.

Dillali kuma idan ba a ganinsa ya tashi daga dillali. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, makiyaya suna zuwa rumfarsa su tarar da kujera babu kowa. Da farko suna jira har azahar. Daga baya suka fara kai shanunsu wajen wasu. Wurin da mutum ya yi shekara talatin yana ginawa yana zubewa, kuma na san rigata ce ta tura shi ɗaki. Kunya ta hana ni sakat, ko keke na hau sai in ga allura tana bin inda ta ga dama.

Ranar wata Laraba na sa tef a aljihu na hau motar Shinkafi. Aka shigar da ni har ɗakinsa. Lokacin bazara ne, ana zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, na same shi lulluɓe da bargo. Da ba don idanunsa ba da na ce an kawo ni ɗakin wani ne. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo neman gafara. Ya yi dariya ya ce laifinmu ɗaya, shi ya ji kunyar aiko da awo, ni na ji kunyar tambaya.

Aka kawo masa abinci a wani ɗan faranti irin na yaye. Ya ce in zauna in ga ikon Allah. Loma uku ya yi, kowace sai ya tauna ta kamar mai neman tsakuwa, ya ture farantin. Ya ce idan ya ƙara ta huɗu dawowa za ta yi. Ba ya haɗa ci da shan ruwa, sai ya ba da tazara. Abu mai zaƙi idan ya sha sai gumi da jiri su kwantar da shi. Tsiren da a da yake tashi da tire guda, yanzu tsinke ɗaya sai ya yi masa yini. Sanyi yake ji kullum, gashinsa ya zube ya fara dawowa, ga ƙwayoyin ƙarin jini da likita ya ce shi da su har abada. Na ce to ya yi nadama ke nan. Ya ce wata rana yakan yi, musamman idan ya ji ƙamshin tuwo da miyar kuka ana ci a tsakar gida ana hira, shi yana gefe. Amma suga ya sauka, yana barci ba ya shaƙewa, kuma goshinsa yana taɓa ƙasa a salla. Ya ce abu ɗaya ne likita bai gaya masa ba, yadda zai yi da idon mutane.

Na ciro tef. Na ce, "Ranka shi daɗe, yau zan yi maka rashin kunya. Ka tashi in auna ka."

Ya dube ni, ya dubi tef. Ya yaye bargon ya miƙe tsaye, ba tare da ya dafa komai ba. Ya ce, "Auna, Garba. Ni ma ban san ko nawa nike ba."

Ku masu ganin awo wasa ne, ku saurara. Mutumin da ya rame bayan ƙiba ba siriri ba ne. Kafaɗarsa ta koma ta saurayi, amma fatar da ta riƙe wancan cikin tana nan, ta sauko ta kwanta a kan cinya. Haka damatsa, haka cinyoyi. Idan ka yanka wando daidai ƙugu, fatar ba ta da wurin zama. Idan ka yanka daidai fatar, wandon ya zube. Ya ce ita ce ma take hana shi tafiya, tana lilo, gumi yana taruwa a ƙarƙashi har wurin ya yi ja. Na auna shi a tsaye, na auna shi a zaune, na sa ya yi ruku'u na sake aunawa. Na ga tabon aikin ma, na kuma yaba wa wanda ya yi, hannunsa bai karkace ba.

Na koma Ƙaura na ɓata yadi uku kafin na gano kan abin. Matata ce ta ba ni dabara ba da saninta ba, da na ga tana naɗe ɗamarar da mata suke ɗaure ciki da ita bayan haihuwa, za ta kai wa ƙanwarta. Na sami farin yadin auduga mai laushi, na yi ɗamara mai faɗin tafin hannu biyu, na ɗinke ta a cikin wandon daga baya, ta zagayo gaba da maɗauri uku, yadda za ta tallafe fatar ta ɗaga ta. Zariya kuma na mayar da ita sama da inda aka saba. Hannun riga na sake shi daga hammata, na tsuke shi a wuyan hannu. Kuma na yanke shawarar kaftani zan yi masa, shuɗi mai duhu, ba babbar riga ba. Babbar riga tana son mai cika ta, idan babu sai ta tona asiri.

Da na gama, wata ranar Alhamis da sassafe na kai masa. Ya ga kaftani ya ɓata rai, ya ce rabonsa da fita kasuwa ba babbar riga tun yana yaron dillalai. Na ce ya gwada, idan bai yi ba in mayar da shi in yi wa kaina. Ya shiga ya sa. Da ya fito sai ya yi taku biyar zuwa ƙofa, ya dawo, ya sake zuwa, yana taɓa cikinsa yana jin abin ya zauna wuri ɗaya. Hajiya ta leƙo daga labule ta ce wannan ai shi ne Bawan da aka kai ta gidansa. Direba ya tayar da mota, Alhaji ya ce ya kashe. Da ƙafa muka tafi.

Tun daga bakin kasuwa har kara babu wanda ya tashi masa, babu wanda ya ce ranka shi daɗe. Wani mai tura kura ma ya daka masa tsawa ya ba shi hanya. Na ga abin ya sosa masa rai, ni ma ya sosa mini, don mutum ne da a da tun daga nesa ake buɗe masa hanya. Muka isa kara muka tsaya bayan wasu dillalai da suka kewaye wani farin sa, suna ta yi wa mai shi, wani dattijon makiyayi, tayin banza. Dattijon ya ce shi Alhaji Bawa yake nema. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya daina wahalar da kansa, Alhaji sai addu'a.

Alhaji ya ratsa su, ya daki gadon bayan san, ya kama kunnensa ya duba haƙora, ya faɗi kuɗinsa na gaskiya da ƙarfi. Jiki ya tafi, amma muryar tana nan yadda take. Duk mutanen kara suka juyo. Wanda ya ce sai addu'a ya cire hularsa daga kansa ya rasa abin yi da ita.

Alhaji ya juya ya dube su duka ya ce, "Ni na, ba wani ba. Ciki anka rage min a Masar, da sanina, da yardata. Ciwon da kunka faɗi ba ni da shi. Mai shakka shi zo gida in gwada mai tabo."

Wasu suka yi dariya, wasu suka matso suna taɓa hannunsa, wasu kuma na ga har yanzu suna kallonsa ta gefen ido, kuma na san ba duka za su yarda ba. Dattijon makiyayin kuwa yana riƙe da igiyarsa yana dubansa daga sama har ƙasa.

Ana cikin haka wata tsohuwa mai fura da nono ta kutso da ƙwaryarta. Inna Jumma ce, wadda ta san shi tun yana kiwo a Galadi, kuma duk Alhamis ita take dama masa. Ta ajiye kaya, ta kare ido da hannu.

"Bawa? Ina sauranka?"

"Na baro shi Masar, Inna."

Ta yi salati, ta zauna ta ɗauko babban kwanon da ta saba cika masa, ta fara dama fura tana faɗin yau sai ta mayar da abin da suka kwashe. Ya ce ludayi biyu kawai zai iya, kuma kar ta sa sukari. Ta ɗago a fusace ta ce tun yaushe furarta ta zama abin ƙi. Kowa ya zuba musu ido, don mayar wa tsohuwa kwano a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Alhaji Bawa ya tattara kaftaninsa ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya tanƙwashe ƙafa, ya dunƙule hannunsa ya nuna mata, ya ce cikin nasa yanzu bai fi haka ba. Ta daɗe tana kallon hannun. Sai ta juye furar a ƙwarya, ta ɗebo ludayi biyu a ɗan kofin da take auna nono, ta miƙa masa.

"To sha a hankali, ɗana. Ba inda za ni."

Ya fi rabin sa'a a kan ɗan kofin nan, yana kurɓa yana hutawa. Dattijon nan ya jawo farin sansa ya ɗaure a turken rumfar Alhaji, ya tsuguna. Kafin kofin ya ƙare wasu makiyaya huɗu sun jeru a bayansa da igiyoyinsu, suna tsaye a rana suna jiran ya gama.